Baƙin Da Suka Faɗo Daga Sama

Cikin shekarar 1940, ana tsakiyar Babban Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a ƙasar Hausa aka fi sani da Yaƙin Hitila, Jamusawa suka mamaye ƙasashen yammacin Turai kamar wutar daji. Ran 10 ga watan Mayu suka faɗa wa Holan da Beljiyam. Holan ta yi kwana 5 ta miƙa wuya, Beljiyam ta yi kwana 18. Kafin watan Yuni ya ƙare Faransa ma, duk da girmanta da yawan sojanta, ta ba da kai. Sojan Ingila da su ke can aka kwashe su ta teku daga wani gari wai shi Dunkirk, suka bar igwoginsu da motocinsu a bakin gaɓa. Daga nan Ingila ba ta da sauran hanyar da za ta taɓa Jamus a cikin gidanta sai ta sama.

To, jiragen da ke wannan aiki su ne jiragen jefa bom. Da magariba su kan tashi daga filayen gabashin Ingila, su ƙetare teku, su tasam ma biranen Jamus inda a ke ƙera makamai, musamman wani yanki da a ke kira Ruhr, inda mahaƙan gawayi da maƙerun ƙarfe su ke. Wanda ya fi suna cikin jiragen nan, Lancaster, mutum 7 ya ke ɗauka: matuƙi, da injiniya, da mai lissafin hanya, da mai sakin bom, da mai waya, da 'yan bindiga biyu, ɗaya a gadon bayan jirgi, ɗaya can a wutsiya. Galibinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, kuma ban da mutanen Ingila akwai na Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Folan. Daga 1942 Amurkawa suka shigo da nasu jirage masu ɗaukar mutum 10, su kuwa da rana tsaka su ke kai harinsu.

Hanyar zuwa Ruhr ta bi ta bisa Holan da Beljiyam, nan kuwa Jamusawa suka yi kwanto. Suka jera manyan fitilu masu haska sararin sama, da igwogi, da na'urori masu gane motsin jirgi tun yana nesa, da ƙananan jirage masu sauri waɗanda ba su da aiki sai farautar dare. Mutum wajen 125,000 suka yi aiki cikin jiragen jefa bom na rundunar Ingila, 55,573 daga cikinsu suka mutu. Watau in an jera mutum 100, to 44 ba su koma gida ba. Jirgi in ya kama wuta yana ƙafa 20,000 a sama, cikin duhu, yana juyawa, sai mutum ya lalubi laimarsa ya ɗaura, ya rarrafa zuwa wata 'yar ƙofa wadda da ƙyar ta ke cin ƙato mai kayan sanyi. Mafi yawa ba su kai ƙofar ba. Wannan labari na waɗanda suka kai ne, laima ta buɗe, suka dira cikin gonar mutumin da ba su sani ba, ba su kuwa jin harshensa. Labarin mai gonar ne kuma.

Tun a gida an shirya su domin irin wannan dare. A watan Disamba 1939 gwamnatin Ingila ta kafa wani ofishin asiri mai suna MI9, aikinsa koya wa soja yadda za su kauce wa kamu, da yadda za su tsere in an kama su. Kowane ɗan jirgi yana da ɗan ƙunshi a aljihu. Ciki akwai taswira da aka buga bisa siliki, gama siliki ba ya ƙara in an warware shi, ba ya kuwa lalacewa in ya jiƙe. Akwai 'yar allura mai nuna arewa, ƙarama ƙwarai har a kan ɓoye ta cikin maɓallin riga, da ƙwayoyin abinci, da maganin tsabtace ruwa, da kuɗin ƙasashen da zai bi ta kansu. An ce masa da ya taɓa ƙasa ya binne laima, ya yi nisa da wurin kafin gari ya waye, ya wuni cikin kurmi ko rumbun ciyawa, ya yi tafiya da dare. In zai nemi taimako kada ya shiga gari. Ya nemi gida guda a ware, ya daɗe yana kallonsa daga ɓoye, sa'an nan ya jira har ya ga mutum ɗaya shi kaɗai, domin ba mai yarda ya taimake shi a gaban idon maƙwabci.

Amma taswira ba ta maganin yunwa. Kwana biyu, kwana uku, ga sanyi, ga ƙafa ta gurɗe wurin dira, ko fuska ta ƙone, tilas ya ƙwanƙwasa ƙofar wani.

Mutum biyu ke nan tsaye a bakin ƙofa, ɗaya a waje ɗaya a ciki, amma doka ba ta auna su da mudu ɗaya ba. Akwai wani alkawari da ƙasashe suka ƙulla a birnin Geneva a 1929, Jamus na cikin masu sa hannu. Alkawarin ya ce sojan da aka kama ba a kashe shi, sai a tsare shi a sansanin fursunonin yaƙi, a ci da shi, a bar shi ya rubuta wa danginsa takarda, har ran da yaƙi ya ƙare. Ga mutanen Ingila da na Amurka Jamusawa sun kiyaye wannan galibi, ko da ya ke ba kullum ba, gama waɗansu da suka faɗa cikin ƙasar Jamus kanta mutanen gari sun kashe su don fushin bom. Amma na cikin gida ba shi da wani alkawari da ya rufe shi. A watan Satumba 1941 babban hafsan Jamus mai mulkin Faransa ya sa aka manna sanarwa a bangaye, cewa duk namijin da ya taimaki ɗan jirgin abokan gaba, ko ya ɓoye shi, za a harbe shi. Mace kuwa za a kai ta sansanin azaba a Jamus. Wanda ya kamo ɗan jirgi, ko ya sa aka kama shi, yana da lada har faran 10,000. A watan Disamba na shekarar Hitila ya ƙara wata doka wadda aka yi wa laƙabi da Dare da Hazo: a kwashe irin waɗannan mutane zuwa Jamus a asirce, kada danginsu su ji ko suna da rai ko sun mutu.

Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne. To, haka baƙin nan su ke, su kwana su wuce. Mai gida kuwa yana nan inda ya ke, da matarsa da 'ya'yansa, an san ƙofarsa.

Ko ban da tsoro, riƙon baƙon kansa nauyi ne. A lokacin ba a sayen burodi ko nama ko sukari sai da katin rabo, kowa da nasa, abin da a ke ba mutum kuwa bai isa ya ƙosar da shi ba. Baƙon ɓoye ba shi da kati, saboda haka daga kwanon masu gida za a ɗebar masa, ko a saya a kasuwar bayan fage da tsada. Sai an nemo masa tufafin farar hula, da takalma, alhali kuwa fata ta yi wuya a ƙasar. In yana da rauni sai an sami likita mai riƙe asiri. A gidan bene kada ya yi tafiya da rana in masu gida sun fita, don kada na ƙasa su ji taku. Yaro ƙarami kuwa ba a san abin da zai faɗa a makaranta ba. Ba gidan da zai iya ɗaukar wannan wata da watanni, tilas a sami inda za a miƙa baƙo gaba.

Ina ne gaban? Bakin teku duk Jamusawa sun tsare. Suwizalan ba ta cikin yaƙi, amma ba ta da teku, wanda ya shige ta ya shiga ɗaki ba ƙofar baya. Sauran Sifen, can kudu, bayan duwatsun Pyrenees. Daga Brussels, babban birnin Beljiyam, zuwa iyakar Sifen ya fi mil 600, watau kusan nisan Kano da Ikko a jirgin ƙasa, duk kuwa cikin ƙasar da ke hannun abokan gaba. An buɗe hanyoyin asiri da dama domin wannan tafiya. Ɗaya daga cikin manyansu wata budurwa ce ta share ta.

Sunanta Andrée de Jongh, amma kowa Dede ya ke kiranta. An haife ta a 1916 a unguwar Schaerbeek ta birnin Brussels. Ubanta, Frédéric de Jongh, shugaban wata makarantar yara ne, shi ne kuwa ya yi mata laƙabi da Ƙaramar Guguwa. A unguwar nan tasu ne Jamusawa suka harbe wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Ingila, Edith Cavell, a 1915, cikin Yaƙin Duniya na Farko, saboda ta taimaki soja suka tsere. Dede ta tashi da labarin matar nan a kunnenta, saboda haka ba za a ce ba ta san ƙarshen irin wannan aiki ba. Sana'arta zane, amma da yaƙi ya zo sai ta koma jinyar soja masu rauni. Nan ta gane akwai sojan Ingila da aka bari a baya tun Dunkirk, suna ɓoye cikin gidajen mutane, masu gidajen kuwa sun kusa gajiya.

Ita da wani abokin aikinta, Arnold Deppé, wanda ya taɓa zama a kudancin Faransa, suka yi gwajin farko a watan Yuli 1941 da mutum 11. Jamusawa sun yanka Faransa kashi-kashi, kowane kashi da masu tsaronsa, ɗaya daga cikin iyakokin kuwa kogin Somme ne. Da suka iso bakinsa da dare ba su sami kwalekwalen da suka sa rai ba, ga shi waɗansu ba su iya iyo ba. Dede ta shiga ruwa, ta yi ta kai da kawowa har ta ƙetarar da su duka. Mutanen suka kai Sifen lafiya, amma suna shiga 'yan sandan ƙasar suka kama su. Daga nan ta gane kai mutum bakin iyaka bai isa ba, sai an danƙa shi hannu da hannu ga wakilan Ingila.

A watan Agusta suka sake fita, suka rabu biyu. Deppé ya bi gajeriyar hanya da mutum 6, wani ya tona su, aka kama su. Dede ba ta sani ba, ta bi doguwar hanya da mutum 3, ta hau duwatsu da su, ta sauka Sifen, ta je har birnin Bilbao ta shiga ofishin ƙaramin jakadan Ingila. Ma'aikatan ofis suka ga yarinya siririya, 'yar shekara 24, ta ce daga Brussels ta ke, ga sojan Sikotilan ɗaya da 'yan Beljiyam biyu ta kawo, kuma in za a biya kuɗin jirgin ƙasa da na abinci da ladan jagora za ta riƙa kawo waɗansu. Ba su gaskata ba. A Landan ma aka yi zaton 'yar leƙen asirin Jamus ce, gama wa zai yarda mace kamar wannan ta ƙetare Pyrenees da ƙafa? Ta yi mako uku tana jira. Daga baya wani ma'aikacin ofishin jakadanci na Madrid, Michael Creswell, ya tsaya mata, aka amince. Sai ita kuma ta kafa nata sharaɗi: Ingila ta biya abin da aka kashe, amma kada ta aiko da shugaba, hanyar ta zauna hannun 'yan Beljiyam. Mutanen Landan ba su so haka ba, amma ba yadda za su yi, gama su ke da bukata. Suka dai roƙa a fi ba da ƙarfi wajen 'yan jirgi, domin kafin a horar da matuƙi guda a kan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu. Hanyar nan ita ce daga baya aka raɗa wa suna Komet, watau tauraruwa mai wutsiya.

Duk wanda ya san yadda fatake su ke tafiya Gwanja zai gane tsarinta, zango-zango, kowane zango da mai masauki, ga kuma madugu. Sai dai a nan da gangan aka hana mai masaukin wannan zango sanin na gaba, domin abin da mutum bai sani ba, ko an azabtar da shi ba shi da abin faɗi. Manomi ya gaya wa limamin coci, ko malamin makaranta, ko likitan ƙauye, shi kuma ya san wanda zai gaya wa. Bayan 'yan kwanaki sai wata yarinya ta zo da keke ta tafi da baƙo. A Brussels a yi masa tambayoyi waɗanda sai ɗan gida ya san amsarsu, irin sunan filin da ya tashi, da sunayen abokan jirginsa, da kalmomin da 'yan jirgi ke yi tsakaninsu. In ya ci, a ɗauki hotonsa, a yi masa takardun jabu da sabon suna da sabuwar sana'a. Da yawa an rubuta su bebaye ne ko kurame, don kada a yi mamakin shirunsu.

Sa'an nan jirgin ƙasa zuwa Paris, a kwana biyu a wani gida, a hau jirgin dare zuwa Bayonne. Wannan zango ya fi kowane sa faɗuwar gaba, gama sau da yawa baƙo na zaune kafaɗa da kafaɗa da sojan Jamus dare guda. An hore shi ya riƙe jarida ko ya yi barcin ƙarya, kada ya zauna kusa da jagora, kada ya nuna ya san ta. Abin mamaki, ƙananan ɗabi'u su ne abin tsoro. Ba'amurke ya kan yanka nama ya ajiye wuƙa ya mai da cokali mai yatsu hannun dama, mutanen Turai kuwa a hagu su ke barinsa. Ya kan sa hannu a aljihu yana kaɗa kuɗi, ya kan tauna cingam, ya kan zauna ya miƙe ƙafafu. Ga tsawo, ga jiki ya ji abinci, cikin mutanen da suka yi shekara uku suna ramewa. Jagororin kuwa da yawa 'yan mata ne, waɗansu ba su kai shekara 20 ba, domin saurayi a tasha sai an tambaye shi abin da ya hana shi zuwa aikin tilas a Jamus, yarinya da jaka kuwa ba a cika kula ta ba.

A garin Anglet, kusa da Bayonne, akwai wata mata 'yar Beljiyam, Elvire de Greef, wadda ta yi gudun yaƙi da mijinta da 'ya'yanta biyu suka zauna can. Ita ce uwar zangon kudu tun daga farko har ƙarshe, ita ke shirya masauki da abinci da jagora. Daga hannunta a kan kai baƙi wani gidan gona a gindin duwatsu, kusa da ƙauyen Urrugne, gidan wata gwauruwa mai 'ya'ya uku, Francia Usandizaga. Nan za su sha madara mai zafi, su tuɓe takalman gari su sa waɗansu na zane masu tafin igiya, waɗanda ba su ƙara bisa dutse, su jira dare.

Mutanen duwatsun nan ƙabilar Bask ne, waɗansu a Faransa waɗansu a Sifen, suna da harshensu dabam, fasa-ƙwauri kuwa tun kaka da kakanni sana'a ce a wurinsu. Jagoran da ya fi suna cikinsu shi ne Florentino Goikoetxea, wani ƙaton mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, marar yawan magana, wanda ya san duwatsun da dare kamar tsakar gidansa. Ba fitila, ba magana, kowa ya bi sawun na gabansa, a hau a gangara har tsakar dare, sa'an nan a iso kogin Bidasoa, wanda a wurin shi ne iyaka. Da rani ruwan iyakarsa gwiwa ko ƙugu. In an yi ruwan sama kuwa ya kan kai ƙirji, ga sanyi, ga ƙarfin gudu, ga santsin duwatsu a ƙasa, sai kowa ya riƙe rigar na gabansa. A ƙetaren kuma ba hutu, domin 'yan gadin Sifen na sintiri bisa hanya. Mai mulkin ƙasar, Janar Franco, bai shiga yaƙi ba, amma zuciyarsa na wajen Jamus, wanda aka kama sai a kai shi wani sansani a Miranda de Ebro ya yi watanni kafin jakadan Ingila ya fid da shi. Saboda haka sai a sake hawa, har asuba ta yi musu a wani gidan gona na 'yan Bask. Daga nan birnin San Sebastián, inda motar ofishin jakadanci ke ɗaukarsu zuwa Madrid, sa'an nan Jibralta, dutsen nan da Larabawa suka raɗa wa Jabal Ɗariƙ, wanda ke hannun Ingila. Baƙi sun tsira ke nan. Dede kuwa sai ta juya ta sake ƙetare kogin, ta koma ɗauko waɗansu. Mutum 118 ta raka da ƙafarta.

Dawowar mutum guda da aka riga aka fid da rai da shi ba ƙaramin abu ba ne a filin jirage. Abokansa suka gan shi da idonsu, suka san faɗowa ba ita ce ƙarshe ba. Jamusawa ma sun san haka, suka kuwa gane inda raunin hanyar ya ke: aikinta karɓar baƙon da ba a sani ba. To, sai suka riƙa aiko da nasu baƙi. A watan Nuwamba 1942 waɗansu mutum biyu suka iso gidan wani iyali mai suna Maréchal a Brussels, wai su 'yan jirgin Amurka ne. Ashe Jamusawa ne masu jin Turanci. Aka kama uba da uwa da 'yarsu mai shekara 18, cikin 'yan kwanaki aka kama mutum wajen 100. Uban aka harbe shi a shekara mai zuwa.

Ran 15 ga Janairu 1943 Dede na gidan gonar Francia da 'yan jirgi uku. An yi ruwa ƙwarai, ba dama a ƙetare kogi, suka tsaya jira. Suna nan zaune sai ga soja sun kewaye gida. 'Yan jirgin nan uku aka kai su sansanin fursunonin yaƙi. Francia aka kai ta sansanin azaba na mata a Ravensbrück, ta mutu can a watan Afrilu 1945, saura 'yan makonni yaƙi ya ƙare. Dede kuwa aka yi ta yi mata tambaya. Domin ta kawar da ido daga ubanta sai ta faɗa musu gaskiya, ta ce ita ce ta kafa hanyar, ita ce shugaba. Suka ƙi yarda, kamar yadda mutanen Bilbao suka ƙi, suka ce yarinya kamar wannan ba ta wuce 'yar aike ba. Rainin nan shi ya hana a harbe ta. Aka tura ta Ravensbrück, daga can Mauthausen.

Hanya ba ta mutu ba, amma kusan duk wanda ya ɗauki ragamarta ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne. A Brussels akwai wani ɗan sarauta, Jean Greindl, mai lura da wani gidan ci da 'ya'yan talakawa, a bayan wannan aiki ya ke ɓoye na asiri. Aka kama shi a watan Fabrairu 1943, aka yanke masa hukuncin kisa, yana jira a wani barikin soja sai bom ya faɗo bisa barikin a watan Satumba ya kashe shi, bom kuwa na jiragen mutanen da ya ke taimako ne. Uban Dede, dattijon malamin nan, ya koma Paris yana riƙe da zangon can. Wani ɗan Beljiyam mai suna Jacques Desoubrie ya shigo musu da sunan ƙarya, ya yi aikin jagora har aka amince da shi, alhali kuwa yaron Gestapo ne, watau 'yan sandan asiri na Jamus. A watan Yuni 1943 ya kawo 'yan jirgi tashar jirgin ƙasa a Paris, malam ya zo taryensu, aka kama shi nan take. Ran 28 ga Maris 1944 aka harbe shi a ganuwar Mont Valérien. Wani saurayi, Jean-François Nothomb, ya gaji aikin kudu, shi ma aka kama shi a watan Janairu 1944. Kogin ma ya ci nasa rabo: daren 23 ga Disamba 1943 ruwa ya tafi da shugaban zangon Beljiyam, Antoine d'Ursel, da wani hafsan jirgin Amurka, James Burch.

Da shekarar 1944 ta shigo, jiragen Ingila da Amurka suka dinga ragargaza hanyoyin jirgin ƙasa na Faransa, domin shirin saukar da soja a Normandy ran 6 ga Yuni. Tafiya kudu ta gagara. Sai aka sake dabara, aka tara 'yan jirgi cikin kurmin Fréteval, kudu maso yamma da Paris, suka zauna cikin bukkoki, manoman kewaye na kai musu abinci a ɓoye. Mutum 152 aka tarar a can sa'ad da sojan taron dangi suka iso a watan Agusta. Florentino kuwa bai daina hawan duwatsu da saƙonni ba, har wani dare a watan Yuli 'yan sintirin Jamus suka harbe shi a ƙafa, aka kwantar da shi asibitin Bayonne ana jiran ya warke a yi masa tambaya. Elvire de Greef ta shirya waɗansu mutane suka zo da motar asibiti da takardun jabu, wai Gestapo ce ta aiko su, suka ɗauke shi a gaban kowa.

Desoubrie bai bar aikinsa ba har Jamusawa suka bar Paris. A watan Agusta 1944 aka kwashi 'yan jirgi 168 waɗanda aka kama da tufafin farar hula, da yawansu shi ya bashe su, aka kai su sansanin azaba na Buchenwald, aka ce su ba soja ba ne, 'yan leƙen asiri ne. Biyu suka mutu can. Amma ko a nan alkawarin Geneva bai bar su ba, gama da labari ya kai ga hafsoshin rundunar sama ta Jamus sai suka sa aka fid da mafi yawan sauran a watan Oktoba, aka mai da su sansanin fursunonin yaƙi. 'Yan Faransa da 'yan Beljiyam da ke tsare a wurin, ba hafsan da ya zo nemansu. Shi kuwa Desoubrie an kama shi bayan yaƙi, kotun Faransa ta yanke masa hukunci, aka harbe shi a 1949.

Da aka yi lissafi, hanyar Komet ta taimaki mutum 776, galibinsu 'yan jirgin Ingila da Amurka. Waɗanda suka sa hannu cikin aikin, masu masauki da jagorori da masu buga takardu, sun kai wajen 3,000. Aka kama wajen 700, kimanin 290 aka harbe su ko suka mutu a tsare. Watau kowane baƙo uku da suka koma gida, an bar fiye da rai guda a baya. 'Yan jirgin ba su manta ba. Bayan yaƙi suka kafa ƙungiya a Ingila domin taimakon masu masaukinsu, da matan da aka bari da marayu. Makarantar da Frédéric de Jongh ya shugabanta a Schaerbeek aka sa mata sunansa.

Dede ta fito daga Mauthausen a watan Afrilu 1945, ta rame ƙwarai, ga ciwo. A 1946 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma ta George, wadda aka ba Elvire de Greef ita ma. Da ta sami ƙarfi ta ƙarasa karatun jinya, ta taho Afirka aikin asibitin kutare, abin da ta ke so tun tana yarinya. Ta yi aiki a Kwango, da Kamaru, da Habasha, da Sanagal. Tana birnin Addis Ababa aka aiko mata uwarta na bakin mutuwa, sai rundunar jiragen saman Ingila ta sa wani jirginta ya ratse ya sauka can, ya ɗauke ta ya kai ta gida. Da tsufa ya zo ta koma Brussels. Sarkin Beljiyam ya naɗa ta sarauta a 1985, ta rasu ran 13 ga Oktoba 2007, tana da shekara 90.